Maganar kwamfuresa da limita, da dalilin da ya sa rikodin ɗinka ke fashewa

Ranar nan wani ƙanena da ke ɗaukar karatu a wani masallaci can Agege ya turo min fayil wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, wai Yaya dan Allah ka ɗan sa masa kwamfuresa ya gyaru, gobe da safe ake so a ɗora a Facebook. Ina buɗewa a kwamfuta tun kafin in saurara na san labarin, saboda zanen sautin ya cika layin daga sama har ƙasa kamar bulo, duk kawunan an yi musu aski tas. Da na kunna kuwa, duk inda Malam ya ɗaga murya sai ka ji kamar ana yaga leda a kunnenka. Na kira shi na ce kai wannan ai ihu bayan hari ne, abin ya riga ya ƙone tun a bakin ƙofa. Ya ce to ba an ce kwamfuresa ce ke hana sauti fashewa ba? Wannan tambayar tasa ce ta sa na zauna rubuta wannan, don ba shi kaɗai ba ne, da yawa cikin yaranmu masu ɗaukar wa'azi da biki da masu hira a YouTube haka suka ɗauki abin.

Bari in fara kawar da wani ruɗani. Kwamfuresar da nake magana ba ta firji ba ce, ba kuma ta mai faci ba, sannan ba ita ce matse fayil da ake yi a mayar da shi MP3 ko wanda WhatsApp ke yi wa saƙon murya don kada ya ci data ba. Wancan girman fayil yake ragewa. Tamu kuwa tazara take ragewa, wato tazarar da ke tsakanin inda murya ta yi ƙasa da inda ta yi sama.

To ga yadda abin yake. A rikoda ko kyamara ko kwamfuta, mitar sauti tana da rufi, rufin nan shi ne 0 dB (desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti), shi ya sa duk lambobin da kake gani a ƙasansa suke da alamar ragi, -6, -12, -18 haka. Babu komai a saman sifilin nan. In sauti ya zo da ƙarfin da ya wuce rufin, na'urar ba ta da lambar da za ta rubuta shi da ita, sai kawai ta datse kansa, wannan datsewar ita ce jan wutar da ke kamawa, ita ce kuma ƙarar yaga ledar. Abin da aka datse ɗin nan bai shiga fayil ba kwata-kwata. Akwai manhajoji irin su iZotope RX, har Audacity ma da ake samu kyauta yana da nasa, masu ƙoƙarin zana kan da ya ɓace, kuma gaskiya in fashewar kaɗan ce suna taimakawa, amma kintace suke yi, in awa guda ce duk a fashe kamar ta ƙanen nan nawa sai dai a rage zafi.

Ita kwamfuresa, ka ɗauka wani yaro ne ka zaunar a gaban miksa, wato na'urar haɗa sauti, ka ce masa duk lokacin da murya ta wuce nan ka ja ƙasa, in ta sauka ka mayar. Shi kenan aikinta, sai dai ita ba ta gyangyaɗi kuma hannunta ya fi na kowa sauri. Wurin da ka nuna mata ka ce daga nan ki fara aiki shi ake kira tireshol. Yawan jan da za ta yi kuma shi ne reshiyo. Bari mu yi lissafi da gaske don a nan ne mutane ke ɓacewa. Ka sa tireshol a -20, reshiyo 4:1. Malam yana bayani a hankali muryarsa na yawo a -30, kwamfuresa ba ruwanta, bai kai iyaka ba. Can ya zo wurin da zuciya ta ɗauka ya ɗaga murya ta kai -8, wato ya haura iyaka da 12. Reshiyo 4:1 na nufin duk 4 da ya haura 1 za a bari, don haka 12 ɗin nan ta koma 3, muryar ta tsaya a -17. An rage masa 9 kenan. Da can tsakanin maganarsa ta hankali da ta ƙarfi akwai tazarar 22, yanzu ta koma 13.

Sai dai yanzu gaba ɗaya sautin ya yi ƙasa, shi ya sa ake da maɓallin ƙarshe da ake ɗaga komai da shi a mayar da abin da aka rage, masu aikin suna ce masa mekof. Ka ɗaga 9 ɗin nan, ƙarfin ya koma -8 inda yake da, maganar hankali kuma ta tashi daga -30 zuwa -21, mai saurare a cikin danfo ko a tsakiyar hayaniyar kasuwar Mile 12 yanzu zai ji kowace kalma ba sai yana ta murɗa waya ba. Wannan shi ne daɗin kwamfuresa kuma shi ya sa muryar 'yan rediyo take zama daram kamar an ɗora ta a faranti.

Amma fa a nan ne Legas ke shigowa cikin maganar, kuma wannan ne abin da bidiyoyin koyarwa na Turawa ba za su gaya maka ba don su a ɗaki mai shiru suke. Mekof ɗin nan bai san Malam ba, bai san janareta ba. Duk abin da ke ƙasa ɗaga shi yake yi. Janaretan maƙwabci da ke -50 yana can nesa ba ka damu da shi ba, ya koma -41. Fanka, hon ɗin 'yan acaba, kwandasta mai kiran Oshodi Oshodi, yaran da ke wasa a bayan sahu, lasifikar cocin da ke layin baya, duk sun matso kusa da 9. In ka ƙara matsawa ka ce reshiyo 8:1 da tireshol can ƙasa, to duk sanda mai magana ya yi shiru don ya haɗiye yawu sai ka ji janareta ya taso fuuu, yana fara magana ya nutse, ya yi shiru ya sake tasowa, kamar sautin yana numfashi. Ni wallahi da in saurari wannan gara in saurari rikodin marar ƙarfi. Kuma abin da wayoyi da ƙananan kyamarori ke yi kenan da kansu in ka bar su a kan oto, su suke ɗagawa su sauke yadda suka ga dama, shi ya sa abu na farko da nake yi in kyamara ta shigo hannuna shi ne in kashe oto in koma saitin hannu.

Saura maɓallai biyu na lokaci, atak da rilis. Atak shi ne saurin da take kamawa, rilis saurin da take saki, ana auna su da milisakan wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In atak ya yi sauri da yawa yana cinye bakin kalma, irin su ƙ da t da k ɗinmu da ke ba magana kaifi sai su dushe, kalangu ma sai ya rasa wannan tsinin da ke sa shi magana, ka ji shi kamar ana dukan katifa. In ya yi jinkiri kuma ƙarar ta riga ta wuce kafin a kama ta. Ga magana ni nakan fara daga wajen 10, rilis kuma wajen 100 zuwa 150, sannan in bi da kunne. Rilis in ya yi gajere shi ke kawo numfashin da na faɗa, in ya yi tsawo kuma sai ka ga bayan an yi kabbara ɗaya, jimlar Malam ta gaba duk ta tafi a danne ba a ji farkonta ba. Tsofaffin na'urorin situdiyo ma da har yau ake kwaikwayonsu a manhaja a kan wannan suka bambanta. LA-2A ta shekarun 1960 da ɗan haske take aiki a ciki, manyan maɓallai biyu ne kacal a gabanta, tana kamawa a hankali tana saki a hankali shi ya sa ake sonta a kan murya. Ita kuwa 1176 da Bill Putnam ya fitar a 1967 sauri gare ta na fitar hankali, ko milisakan ɗaya ba ta kaiwa ta kama. Wanda ya buɗe FL Studio ko Cubase ya ga hotunan nan masu allura, to kwafinsu ne, kuma ba sai ka mallake su ba, wadda ta zo da manhajarka ta isa.

Limita kuma 'yar'uwar kwamfuresa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai ita ba ta da sasanci. Da zarar reshiyo ya kai 10:1 zuwa sama an shiga yankinta, wasu ma bango ne kawai, ka ce -1 to ko sama da ƙasa za su haɗu ba abin da zai wuce -1. Kamar na'urar taƙaita gudu ce da 'yan Road Safety suka matsa wa motocin haya su saka, taka totur yadda kake so, iyakar nan ce. Kuma kamar yadda direban kirki ba ya tafiya ƙafarsa a manne da totur yana dogara da na'urar, haka ita ma limita ba a so a ga tana aiki kowane lokaci. Tana nan ne don abin da ba a shirya masa ba, tari, dariya, mayik ya faɗi, ko jama'a su ɗauki kabbara gaba ɗaya.

To yanzu mu dawo kan ƙanena, me ya sa nasa ya fashe alhali ya rantse min limitar rikodarsa a kunne take? Dalili biyu ne kuma duka biyun suna faruwa kullum.

Sauti kafin ya zama lamba yana bi ta wata 'yar amfilifaya a bakin shiga, wadda maɓallin gen ke sarrafawa, daga nan ya wuce wurin da ake mayar da shi lambobi. A yawancin ƙananan rikodoji masu araha limitar tana bayan wannan wurin ne, lissafi ce kawai a cikin manhaja. Don haka in sautin ya fashe a bakin shiga, abin da limita za ta samu fasasshe ne, za ta sauke shi ƙasa ta miƙa maka, mita ta nuna -6 lafiya lau babu jan wuta, amma kunne na jin yagewa. Manyan rikodoji irin na masu fim suna da limitar da ke gaba tun kafin a kai ga lambobi, kuɗinsu kuma ba na wasa ba ne, je Alaba ko Computer Village ka tambaya ka ji.

Na biyun kuma shi ne ya ɗauko waya daga bayan miksar masallaci ya cusa a ramin mayik na rikoda. Abin da ke fitowa daga miksa ƙarfinsa ya ninka na mayik sau ɗari ko fiye, ramin mayik kuwa an yi shi ne don ɗan siririn sigina. Kamar ka buɗe tiyon tankar ruwa a bakin kofin shayi ne. Ko ka mayar da gen kusan sifili ba lallai ka tsira ba. Maganinsa a sa rikodar a kan layin, wato saitin da aka yi don sauti mai ƙarfi irin na miksa, in tana da wannan zaɓin, ko a danna fad, maɓallin da ke rage 20, ko a nemi wayar da ke da abin ragewa a cikinta, ba ta da tsada. Wannan kuskuren na gan shi a bukukuwa ba adadi, mai kyamara ya je wurin DJ ya ce Oga a ba ni layi, a ba shi, DJ kuma dama mitarsa a ja take tun farkon biki don shi a wurinsa ja alamar aiki na tafiya ne, ƙarshe a kai wa amarya bidiyo hoto tangaran sauti kamar rediyo ya faɗa ruwa.

Abin da nake ta son in kai gare shi shi ne aikin yana wurin gen ne. Mutanenmu suna tsoron ɗaukar sauti ƙasa-ƙasa, kuma tsoron yana da asali, zamanin kaset in ka ɗauka ƙasa to shuuu ɗin kaset zai cinye maganar, dole ka tura allura har ta leƙa ja, kaset kuma yana da haƙuri, in ka ɗan wuce ba ya yagewa nan take. Yanzu zamani ya juya. Rikoda da bit take auna faɗin filin da take rubuta sauti a ciki, kowane bit ɗaya yana ba ka kusan desibel 6, 16 bit irin na CD wajen 96 kenan, 24 bit kuma a lissafi 144. Fili ne mai faɗin gaske. In ka ɗauka a 24 bit maganar yau da kullum tana yawo wajen -18, mafi ƙarfinta tana taɓa -12 ko -10, ka bar wa kanka sarari a sama don ranar da Malam zai fusata, kuma in ka dawo gida ka ɗaga ba abin da ka rasa. Kuma dan Allah in za ka gwada mayik kada ka yarda da gwajin hankali. Kowa in aka ce ya gwada sai ya ce salamu alaikum a sanyaye kamar mai jinya, ana fara taro ya zama wani mutum daban. Ni nakan ce Allah gafarta Malam a ɗan ɗaga kamar ana tsakiyar karatu, in kuma ba zai yiwu ba to in rage gen da kaina in ƙiyasta.

A tafsirin azumi abin ya fi wuya don mutum biyu ne, alaramma mai jan baƙi da Malam mai fassara, shi alaramma murya a sama yake ja kuma yawanci bakinsa a manne da mayik, Malam kuma yana duba littafi yana juyawa dama da hagu. Duk sanda nisa tsakanin baki da mayik ya ninka, sauti na faɗuwa da kusan desibel 6, daga ɗan yatsa huɗu zuwa taƙi guda ka riga ka yi asara mai yawa. Babu kwamfuresar da za ta gyara wannan ba tare da ta jawo maka duk unguwa cikin rikodin ba. Mayik ɗin maƙalawa a wuyan riga ya fi komai sauƙi a nan tunda duk inda ya juya yana tare da shi, kuma in da hali kowa a ba shi layinsa daban a rikoda.

Ra'ayina, kuma na san wasu abokan aiki a situdiyo ba za su yarda ba, shi ne kada ka sa kwamfuresa lokacin ɗauka in dai ba kai-tsaye kake watsawa ba. Abin da ka matse ya shiga fayil ya matsu kenan, ba a warware shi. Ka ɗauka a sake, limita a kunne a matsayin mai gadi, matsi kuma ka bari sai ka zauna da hedifon a natse inda in ka yi kuskure za ka koma baya. Masu situdiyon da ke da na'ura mai kyau da ɗaki mai shiru da shekaru ashirin na kunne suna matsawa kaɗan tun wurin ɗauka, wannan su ya dace da su. In kuwa layif kake yi a Facebook ko YouTube ta manhajar OBS to ba ka da anjima, dole ka sa, amma a tausashe, 3:1 ya isa, ka ga tana rage 3 zuwa 6 a wuraren ƙarfi, limita a ƙarshe. Kuma ka kula kada ka sa matsin nan a layin da ke zuwa lasifikokin masallaci ko na zauren biki, don mekof yana ɗaga mayik lokacin da aka yi shiru, abin da ke biyo baya kuwa shi ne wannan kuwwar wiiii da ke sa dattawa waigowa suna harararka.

Akwai dabarar da na fi so ma fiye da limita, wato ɗauka biyu a lokaci guda. Tascam DR-40 tana iya ajiye kwafi na biyu da ya fi na farko ƙasa har da 12, Rode Wireless GO II kuma tana ajiye nata da ragin 20. In babban ya fashe a wuri ɗaya sai ka yanko wurin daga ƙaramin ka liƙa. Sannan ga sababbin rikodojin nan masu 32 bit fulot irin Zoom F3, waɗanda ko sauti ya haura sifili kana iya jawo shi ƙasa a kwamfuta ya dawo lafiya, wasu ma ba su da maɓallin gen ɗin gaba ɗaya. Abin burgewa ne ba ƙarya, sai dai shi kansa mayik yana da iyakar ƙarar da zai ɗauka, kuma in miksar DJ ce ta aiko da fasasshe to fasasshen za su adana maka da kyau.

In ka zauna gyara, tsarin da nake bi kusan kullum ɗaya ne. Ina fara yanke sauti mai kauri, duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a ma'aunin kauri da sirantar sauti, don a nan gurnanin janareta da na tirela da kukan wutar NEPA mai 50 Hz suke zaune, kuma in ba ka cire su da wuri ba su ne za su riƙa tunzura kwamfuresa tana aiki a kan abin da ba magana ba. Daga nan in bi da hannu in sauke wuraren da suka yi tsalle sosai, tari da kabbara da tafi, aiki ne mai cin lokaci amma shi ke sa in kwamfuresa ta zo ba sai ta yi dambe ba. Sannan matsi kaɗan, sannan limita a -1, ba a sifili ba, saboda in YouTube ko WhatsApp suka sake matse fayil ɗin kawunan sukan ɗan ƙara tsawo su fashe.

Sai maganar a ƙara ƙarfi, wadda kusan duk mai ba ni aiki sai ya faɗa, Malam a sa ya fi na wane ƙara. Da can wannan gasar tana da riba, wanda ya fi ƙara a rediyo ko a CD shi ake ji, har aka yi shekaru ana danne waƙoƙi da limita suna fita ba rai. Yanzu an canza awo, ana auna ƙarfin da kunne ke ji a tsawon shirin gaba ɗaya da ma'aunin LUFS. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fitar da ƙa'idar -23 a 2010, Spotify na daidaita waƙoƙi a -14, YouTube ma wajen nan yake, in ka kawo abin da ya fi haka ƙara shi da kansa zai sauke shi. Ka ga kenan ka danne muryar Malam ka cire mata hawa da sauka, ka taso da janareta, ƙarshe kuma an mayar da kai daidai da kowa. Ga magana zalla ni wajen -16 nake tsayawa, a waya yana fita sarai.

Shi dai ƙanen nawa daren nan mun yi abin da za mu iya, na bi da manhajar gyaran fashewa na ɗan rage kaifin sama, aka ɗora haka nan da haƙuri. Washegari kafin la'asar na sa ya canza rikodar zuwa layin, ya sauke gen har alaramma a ƙarfinsa yana taɓa -12, ya kira ni hankali a tashe wai Yaya zanen ya yi siriri kamar zare anya ya ɗauka kuwa, na ce bar shi haka ka turo min in an sha ruwa.